Yadda muka tsara wa ɗakin labaranmu "divert" da 'yan uwanta

Yawancin labaran da muke karantawa da Hausa a gidan rediyonmu da Turanci suke iso mana: sanarwar ma'aikatu, takardun kotu, rahotannin kamfanonin dillancin labarai. Lokacin da ke tsakanin isowar takarda da shigar mai karatu situdiyo ba shi da yawa, don haka kowane mai fassara yakan riƙe kalmar Hausa guda ga kowace kalmar Turanci, ya riƙa aza ta duk inda ya ci karo da ita. A wajen "divert", wadda hannu ya saba da ita ita ce "karkatar da". Jirgin sama ne, an karkatar. Kuɗi ne, an karkatar. Motoci ne a bakin gadar da ake gyara, su ma an karkatar. Amma kunnen Bahaushe ya riga ya rataya wa "karkatar da" laifi, domin shekara da shekaru yana jin ta a labaran hukumomin yaƙi da cin hanci na EFCC da ICPC, tare da takin zamani da kayan tallafi da tankokin mai da ba su isa inda aka aike su ba. Sai ya zamana idan muka ce wata gwamnati ta karkatar da kuɗi zuwa asibitoci lokacin korona, mai sauraro ya shiga neman ɓarawo a labarin da babu ɓarawo a cikinsa.

Dalilin da ya sa ke nan babban editanmu, wanda dukanmu muke kira Malam, ya ɗora mini aikin tsara 'yar takardar jagora a kan kalmomin aikatau na Turanci da ke nuna an motsa abu ko an sauya masa hanya. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: kada in kwafo ƙamus, in fara daga labaran da mu da kanmu muka riga muka watsa.

Na shiga ɗakin ajiya. Tsofaffin labaranmu a fayil-fayil suke, kowace takardar Turanci an maƙale ta da fassararta a baya, ƙarfen maƙalewar ya yi tsatsa ya bar tabo a kusurwa, ga jan biron Malam nan ko'ina a kan Hausar. Na yayyanka kwali ƙanana-ƙanana, duk jimlar da na samu da ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi sai in kwafe ta sukutum a kan kati guda. Ban yarda in ɗauki kalmar ita kaɗai ba, kuma nakan ja layi a ƙarƙashin 'yar ƙaramar kalmar da ke biye da ita, wato "from" ko "to" ko "via" ko "into" ko "onto". Tun ban yi nisa ba na ga amfanin haka, don sau da yawa ma'anar a can take maƙale. "Divert" tana son "from" da "to". "Reroute" tana son "via" ko "through" ko "around". "Channel" takan ja "into" ko "through". "Shift", in maganar laifi ce, "onto" take ɗauka.

Da katuna suka taru na baza su a kan babban teburin taro na kasa su bisa abin da aka motsa: kashin kuɗi, kashin mutane, kashin jirage da motoci, kashin saƙonni. Malam ya leƙo ya tsaya yana dubawa, ya ga "divert" ta bayyana a kusan kowane kashi. Ya ɗauki kati biyu ya ajiye su kusa da juna ya ce, "Bar tambayar mene ne aka motsa tukuna. Tambayi ina abin ya nufa tun farko, sannan ya isa can ko bai isa ba." Na tattara katunan na sake kasawa a kan wannan tambaya, nan take suka fara rabuwa da kansu.

Katunan da ya ɗauka na jirage ne. Na farko daga watan Fabrairun 2020 yake, lokacin da hazo ya hana wasu jiragen ƙasashen waje sauka a Legas, suka je suka sauka a Accra: "flights were diverted to Accra". Waɗannan Legas suka nufa, ba su isa ba. Na biyun daga ƙarshen 2023 yake, bayan da 'yan Houthi na Yemen suka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya, manyan kamfanoni irin su Maersk suka daina bi ta mashigin Suez suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu: "ships were rerouted around the Cape of Good Hope". Waɗannan kuwa Turai suka nufa, kuma can za su isa, hanya ce kawai ta ƙara tsawo da kwana goma ko fiye. To "divert" hankalinta yana kan barin hanyar da aka tsara, shi ya sa tushenta a Latin ma "juyawa gefe" yake nufi. "Reroute" hankalinta yana kan sabuwar hanyar da aka shata. Ba wai akwai katanga a tsakaninsu ba, jaridun Turanci sun yi amfani da duka biyun a labarin Bahar Maliya, kuma idan aka rufe titi don gyara "traffic diversion" ake rubutawa alhali kowa gidansa zai isa. Amma a Hausa wannan bambanci ya ba mu abin da muke nema. Na farkon muka mayar da shi "hazo ya tilasta wa jirage sauka a Accra", na biyun "jiragen ruwa sun koma zagayawa ta Afirka ta Kudu". Haka ma labarin Maris na 2017, da aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida don gyaran titinsa: "jirage za su koma sauka a Kaduna" ya fi "za a karkatar da jirage" faɗin gaskiyar abin, tunda shiri ne da aka sanar tun da wuri.

Akwai kuma abin da na lura da shi a harshen masu harkar jiragen sama. Sukan ce "the plane diverted to Kano", ba tare da "was" ba, wato matuƙin ne da kansa ya yanke shawara. In aka ce "was diverted", to umarni ne ya zo masa, ko dai ba a son faɗin wanda ya ba da shi. Wannan 'yar "was" ita ke raba "jirgin ya juya ya sauka" da "an umarci jirgin ya sauka".

Kashin kuɗi shi ya fi cin lokacina, kuma shi ne ya fi cancanta, don a nan ne kalma ɗaya ke iya ɓata wa mutum suna. A Turanci "divert" fuska biyu gare ta. Gwamnati tana iya "divert funds from roads to hospitals" a bainar jama'a da amincewar majalisa, babu laifin kowa. Haka kuma ita ce kalmar da ke cikin takardun tuhuma, kamar a shari'ar dala biliyan 2.1 na sayen makamai da ta taso a ƙarshen 2015, inda jaridu suka yi ta rubuta "alleged diversion". Na jera katunan fuskokin biyu ina neman abin da ke bambanta su, sai na ga ba kalmar ba ce, maƙwabtanta ne. In ka ga "meant for", wato kuɗin da aka ware don abu kaza, sannan ka ga "to private accounts" ko "for personal use", sannan ga "alleged" a gaba, to zargin sata ne, kuma "karkatar da" ta zauna daram, muddin ba a manta da "ana zargin" ba. In kuwa mai aikatawar majalisa ce ko ma'aikatar kuɗi, kuma inda kuɗin suka tafi wani aikin gwamnati ne da aka ambata, to "an mayar da kuɗin ɓangaren lafiya" ko "an sauya wa kuɗin wurin kashewa" za mu ce.

'Yan uwanta sun fi ta sauƙin hali. "Redirect" da "reallocate" kusan kullum hannunsu wanke yake, wannan "re" da ke gabansu "sake" take nufi, an sake nuna wa abu inda zai dosa, an sake kasafta shi. Masu rubuta sanarwar gwamnati sun san haka, shi ya sa suka fi son su. "Siphon", musamman "siphon off", ba ta da fuskar kirki ko ɗaya in ana maganar kuɗi. "Funnel" asalinta mazurari ne, kuɗi daga wurare da yawa a tattara su ta ƙaramar kafa, galibi a ɓoye, ta hannun wani kamfani ko wani asusu. "Channel" kuwa ba ta zargin kowa, hanyar da aka bi da abu kawai take nunawa: "aid was channelled through local groups", an bi da tallafin ta hannun ƙungiyoyin yankin.

Ban so in dogara da takarda kaɗai ba, sai na je inda direbobin tanka ke yada zango a bayan gari. Wani dattijon direba yana zaune a kan tabarma a inuwar motarsa, butarsa a gefe, na gaishe shi na ce, "Baba, tambaya ce ta kawo ni, ta aikin rediyo." Na karanta masa jimloli biyu na labaran man fetur, ɗaya mai "divert" ɗaya mai "siphon", na bayyana masa abin da suka ƙunsa. Ya ce ai waɗannan laifi biyu ne daban, kuma masu yin su ma daban ne. Na ɗaya, mota ta yi lodi a daffo, takardarta ta ce gidan mai kaza a gari kaza, sai a sauke man a wani wurin ko a tsallaka iyaka da shi. Wannan ba aikin ƙaramin yaro ba ne, sai da sanin manya. Na biyu kuwa, mota tana tsaye da dare wani ya zura tiyo ya zuƙi jarka biyu ko uku. Ya nuna mini murfin da ake ɗaure wa hatimi a saman tankin. Da na koma ofis na rubuta a kati: na farkon shi ne "divert", kaya gaba ɗaya sun tafi inda ba nan aka rubuta ba, na biyun shi ne "siphon", ana zuƙa kaɗan-kaɗan daga abin da ke ajiye. Ko a maganar kuɗi wannan hoton bai canza ba, shi ya sa muka ba "siphon" kalmomin "zuƙe" da "wawure", gwargwadon yawan abin.

Fuskar "divert" marar laifi kuwa, duk wanda ya taɓa zuwa Kadawa, yankin noman rani da ke jihar Kano, ya gan ta. Ruwan madatsar Tiga ne ke biyo babbar hanyar ruwa, manomin rani ya sa fartanya ya toshe nan ya buɗe can, ruwa ya bar wannan fangali ya shiga wancan. Manomi "juya ruwa" yake cewa, mu ma ita muka ɗauka. Sai dai tsohuwar shawarar nan ta jawo ruwa daga yankin kogin Kwango zuwa Tafkin Chadi, wadda aka sake tattaunawa a taron Abuja na 2018, a takardun Turanci "water transfer" ake kiranta, domin ɗauke ruwa ne daga wani yanki zuwa wani yanki daban.

Wannan ya kai ni ga "transfer". Tushenta "ɗauka a tsallakar" yake nufi, kuma abin da na gani a katuna shi ne kusan kullum akwai rajista biyu a cikin maganar: abu ya fita daga lissafin wani ya shiga lissafin wani. Kuɗi daga asusu zuwa asusu, ɗan wasa daga kulob zuwa kulob, fursuna daga wannan gidan gyaran hali zuwa wancan, shari'a daga wata kotu zuwa wata, fili daga sunan mai sayarwa zuwa na mai saye. Ba ruwanta da hanya, ba ruwanta da inda aka nufa da farko. Hausa ba ta da kalma guda da ta rungume waɗannan duka, kuma ba ta bukata: kuɗi "turawa" ake yi, mulki "miƙawa", ma'aikaci "canjin wurin aiki", fursuna "mayarwa".

"Relocate" ta tsugunni ce, ofis ko kasuwa ko al'umma su tashi daga mazauninsu su kafa a wani. Ita ce kalmar ranar 12 ga Disamban 1991, da fadar gwamnatin tarayya ta bar Legas ta koma Abuja, ita ce kuma ta tayar da ƙura a Janairun 2024 da aka sanar da mayar da hedikwatar hukumar filayen jiragen sama ta FAAN Legas. Abin da na ja wa layi biyu a kanta shi ne tana iya ɓoye tilas. "Traders relocated" daban, "traders were relocated" daban. Na farko 'yan kasuwa sun ƙaura, na biyu an tashe su. Ga wanda rumfarsa ce ake magana a kai, tsakanin waɗannan biyun akwai nisa sosai, kuma bai kamata mai fassara ya share wannan nisa don jimla ta yi daɗin karatu ba.

"Forward" ba ta ba ni wahala ba, sai dai tana da wani muhimmanci da "tura" ba ta nunawa. Mai "forwarding" ba shi ya ƙirƙiri saƙon ba, ta hannunsa ya bi. Tun 2018 WhatsApp ke liƙa wa irin wannan saƙo alama. Idan labari ya ce an kama wani saboda "he forwarded a message", dole mu ce "ya tura saƙon da wani ya rubuta", in ba haka ba mun mayar da shi marubucin. "Deflect" ma gajeriyar magana ce: abu ya bugi wani abu ya goce, kamar ƙwallon da ta taɓa ƙafar ɗan baya ta sauya hanya. In ɗan siyasa ne ya yi "deflect a question", to kauce wa tambayar ya yi. "Shift the blame onto" ɗora wa wani laifi ne, "divert attention from" kuma kawar da hankalin jama'a.

Inda na fi jin tsoro shi ne maganar lokaci. Jaridun Najeriya suna son "shift" a nan: zaɓen 2015 daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, na 2019 daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, na gwamnoni a 2023 daga 11 zuwa 18 ga Maris. Duka "ɗagewa" ne, kuma "postpone" da "push back" ma haka. Amma "bring forward" kishiyarsu ce, matso da rana kusa take nufi. Mai fassara da ke sauri yana ganin "forward" zai ce "gaba", alhali a Hausa in an ce an matsar da taro gaba, jinkirta shi aka yi. Ka ga an juya labari ke nan, mutum ya je jarrabawa bayan an gama ta. "Move forward" kuwa ko masu harshen kansu ba su daidaita a kanta ba, wasu na ɗaukar ta matsowa, wasu jinkirtawa. A nan doka muka kafa ba fassara ba: duk labarin sauya rana, a nemo tsohuwar ranar da sabuwar, a faɗe su duka biyu.

Da na gama daftarin farko, Malam ya ce kada a kai shi taro sai an gwada shi a kunnen da bai san Turancin ba. Muka fita bakin ƙofa wajen mai shayi, inda maigadinmu da wasu 'yan achaɓa ke karyawa. Nakan karanta jimla da tsohuwar fassara, sannan da sabuwa, Malam kuma ya yi tambaya guda: "A labarin nan akwai wanda ya yi laifi?" Da na karanta "an karkatar da kuɗin hanyoyi zuwa asibitoci", maigadi bai jira an tambaye shi ba ya ce Allah ya isa. Da na karanta "an mayar da kuɗin hanyoyi ɓangaren asibitoci", sai mai shayi ya ce to ai lafiya ta fi kwalta. Labari ɗaya ne, daga jimlar Turanci ɗaya. A wajen na fahimci nauyin abin da muke yi kullum cikin gaggawa, kuma na ji daɗi da Malam ya nace a fito.

A taron ɗakin labarai an amince da yawancin takardar ba tare da dogon zance ba. Gardama ta tashi ne a kan "tiransifa". Wata babbar ma'aikaciyarmu, Hajiya, wadda ta girme mu duka a aikin in ban da Malam, ta ce kalmar ba ta dace da labaran duniya ba tunda muna da "tura kuɗi". Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, amma tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ko mai sayar da tumatir tiransifa yake cewa." Ta ce ta sani, amma kasuwa daban, labarai daban. Aka tsaya a kan cewa a labarai "tura kuɗi ta banki" za a ce, a shirye-shiryen hira da na kasuwanci kuma a bar kowa da abin da bakinsa ya saba. Ni dai har yanzu ina ganin kalmar ta riga ta zama tamu, amma hujjarta ba ta banza ba ce, kuma na rubuta yadda aka yanke.

Takardar da ta fito shafi biyu ce. Kowace kalma tana da cikakkiyar jimlar Turanci daga labaranmu, da ƙananan kalmomin da ke rakiyarta, da fassara biyu ko uku gwargwadon wanda ya aikata da inda abin ya ƙare. An liƙa ta a bango kusa da na'urar buga takardu, an kuma tura wa kowa a waya.

Gurbi ɗaya ne muka bari ba mu cike ba, na "redeploy". A asali kalmar soja ce, a ɗauke runduna daga wani fage a kai ta inda aka fi bukatarta, daga nan ta shiga ofisoshi. Idan sanarwa ta ce an yi wa kwamishinan 'yan sanda ko babban sakatare "redeployment", wani lokaci sauyin wurin aiki ne na yau da kullum, wani lokaci kuma cirewa ce aka lulluɓe da lafazi mai laushi, musamman in ta biyo bayan wani rikici kuma ba a faɗi sabon muƙamin ba. Wasu a cikinmu suna ganin mu tsaya a kan "an sauya masa wurin aiki" tunda abin da takarda ta ce ke nan, wasu suna ganin hakan taya hukuma ɓoye gaskiya ne. Abin da muke yi a yanzu shi ne mu faɗi sauyin, mu faɗi inda aka kai shi in an ambata, in ba a ambata ba mu ce sanarwar ba ta faɗi inda aka mayar da shi ba, sannan wakilinmu ya buga wa kakakin hukumar waya kafin labaran ƙarfe bakwai.